Darasin hutu na Turanci da aka gina kan bukukuwan duniya: abin da na gani cikin mako 6

Da aka ba da dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, na yanke shawarar cewa 'yata, wadda za ta shiga ajin ƙarshe na babbar sakandare, da ɗan ƙanena da nake riƙo, wanda ya gama ƙaramar sakandare, ba za su zauna a gida haka kawai har Satumba ba. Matsalarsu iri ɗaya ce, kuma na san ita ce matsalar yara da yawa a garin nan: idan aka ba su tambayoyin zaɓi na Turanci suna ci, amma idan aka ce su tsara insha'i mai shafi 2, ko su miƙe su yi magana ta minti 3, sai baki ya mutu, alƙalami ya tsaya. Jarrabawar WAEC kuwa tana neman insha'i na kalmomi kusan 450, ban da auna fahimta da taƙaitawa, kuma duk wanda bai sami kiredit a Turanci ba, shiga jami'a za ta gagare shi ko da ya cinye sauran darussa. Wani maƙwabcina ne ya ba ni labarin wata cibiyar darasin hutu da ke wajen Gyaɗi-Gyaɗi, wadda a bana ta gina karatun Turancinta gaba ɗaya a kan bukukuwan gargajiya na ƙasashen duniya. Ba zan ambaci sunanta ba, domin zan faɗi kurakuranta kamar yadda zan faɗi alherinta, kuma abin da zan ce zai amfani duk uban da aka kawo wa irin wannan tsari a ko'ina cikin Kano.

Karatun mako 6 ne, daga Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12 na rana, saboda haka bai ci karo da Islamiyyar yamma ba, abin da na fara dubawa ke nan. Kowane mako ana ɗaukar biki 2 ko 3. Ana raba wa yara takardar karatu mai bayanin bikin, a fitar da sababbin kalmomi, a haska musu gajeren bidiyo da majigi, a yi muhawara, ranar Alhamis kuma kowa ya yi rubutu. Na nemi izinin zama a bayan aji, aka ba ni ba tare da wata jayayya ba, na zauna sau 3, kuma na karanta duk takardun da yaran suka kawo gida.

Da farko raina bai kwanta ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Yawancin bukukuwan duniya suna da tushe a addinan masu su, kuma babu uba Musulmi da zai so a cusa wa ɗansa sha'awar bautar da ba tasa ba da sunan koyon harshe. Na faɗa wa malamar da ke jagorantar ajin haka ranar da na je biyan kuɗi. Ta ce mini: "Alhaji, aikinmu mu koya musu yadda za su bayyana abin da wasu mutane suke yi, da lokacin da suke yinsa, da dalilin da su masu abin suke bayarwa. Ba ma cewa su kwaikwaya, ba ma kuma cewa su yi izgili." Na ga ta cika wannan alkawari a makon da suka karanta bikin Diwali na Indiya, mai kwana 5, wanda ake kunna fitilun yumɓu a ƙofofin gidaje a raba wa maƙwabta kayan zaƙi, da kuma bikin tunawa da matattu da ake yi a Meziko ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Duk jimlar da ta shafi imani, sai ta sa yara su fara ta da cewa mabiya addinin kaza sun yi imani da kaza. A wurinta darasin nahawu ne na yadda ake rawaito maganar wani, a wurina kuma tarbiyya ce, domin yaro ya koyi raba tsakanin ba da labarin abu da yarda da shi.

Babbar hikimar wannan tsari, a ganina, ita ce biki yana ba yaro abin faɗa. Yaron da aka ce ya rubuta insha'i a kan illar cin hanci ko amfanin dimokuraɗiyya, jimlolin da ya haddace kawai zai jero, domin bai taɓa riƙe abin a hannunsa ba. Amma kowane yaro a Kano ya san ɗinkin Sallah, da layin wurin tela daren jajibiri, da ƙunshi, da tuwon Sallah da ake aikawa gidan dangi. Da aka zo kan sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, aka karanta musu cewa ana share gida tas, a sa sababbin tufafi, ma'aikatan birni su koma garuruwansu, manya su ba yara kuɗi a cikin jan ambulan, sannan a rufe da bikin fitilu a rana ta 15, nan take ajin ya ɗauki hayaniya, kowa yana cewa ai wannan goron Sallah ne. Malamar ba ta tsawata musu ba, sai ta ce duk mai magana ya faɗe ta da Turanci, ya yi amfani da kalmomin kwatanci na kama da bambanci. A nan ne na fara jin ɗan ƙanena ya haɗa jimla 3 a jere ba tare da ya duba takarda ba. Wata yarinya ta tambaya me ya sa bikin Sinawa ba ya zagaya shekara kamar Sallah, alhali su ma da wata suke lissafi. Malamar ta bayyana cewa su sukan ƙara wata guda a wasu shekaru don kalandarsu ta daidaita da rana, mu kuwa shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, shi ya sa Sallah ke matsowa da kwana kusan 11 kowace shekara. Wannan bayani ya fi abin da ke cikin takardar amfani, kuma daga kanta ya fito.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na bikin Naadam na ƙasar Mongoliya, wanda ake yi daga 11 zuwa 13 ga Yuli. Wasanni 3 ne ginshiƙinsa: kokawa, da sukuwar dawaki, da harbin kibiya. A kokawarsu ba a raba 'yan wasa bisa nauyi, kuma yara ƙanana ne ke hawan dawakin sukuwar, a fili mai nisan kilomita 15 zuwa 30. Samarin ajin, waɗanda a sauran ranaku sukan lafe a kujerun baya, ranar su suka riƙe zancen, domin kowa yana da labarin kokawa ko dambe da ya gani a ƙauyensu lokacin kaka. Malamar ta yi amfani da wannan wajen koya musu lokaci sabau, wato yadda Turanci ke faɗin abin da aka saba yi duk shekara, sannan ta ce kowa ya ba da labarin wata karawa guda da ya gani da idonsa, wanda dole ya koma shuɗaɗɗen lokaci. Duk wanda ya taɓa duba rubutun ɗalibanmu ya san cewa cakuɗa waɗannan lokuta biyu yana cikin abubuwan da suka fi cinye musu maki. Ban ga an rubuta wata doka a allo an ce a haddace ba, amma da na duba littafin 'yata a ƙarshen makon, jan biron malama ya ragu sosai a kan wannan kuskure.

Muhawarar da ta fi zafi kuwa a kan bikin jifa da tumatir ce, wanda ake yi a garin Bunyol na ƙasar Sifaniya ranar Larabar ƙarshe ta watan Agusta, kuma sai ya zamana makon da aka karanta shi ne makon da ake yinsa. Yaran da suka san yadda kwandon tumatir ke tsada a kasuwar 'Yankaba da damina, ba su ga abin sha'awa ba ko kaɗan, suka ce almubazzaranci ne. Wani yaro da mahaifinsa ke noman rani a Kadawa ya miƙe ya ce a lokacin da tumatir ya yi yawa, a Kwanar Gafan ma ana zubar da shi ya ruɓe saboda rashin mai saye da rashin wurin adanawa, don haka kafin a zargi wasu a duba gida. Turancinsa ya karye a wurare da dama, amma hujjarsa ta tsaya, kuma ajin ya saurare shi. Wannan shi ne irin rubutun kare ra'ayi da ake nema a jarrabawa, sai ga shi yaro ya yi shi a tsaye saboda abin ya taɓa shi.

An kuma ware minti 15 na farkon kowace rana don gyaran furuci, musamman rarrabe harafin p da f, wanda ke ba Bahaushe wahala. Abin ya yi amfani, amma bai fi abin da kowane malami nagari zai yi ba.

Yanzu sai kurakurai, kuma ba ƙanana ba ne.

Takardun karatun a fili yake cewa daga intanet aka sauko da su, an rubuta su ne don yaran Turai ko Asiya, ba a kuma gyara su don yaran Kano ba. Misali mafi bayyana shi ne darasin Nauruz, sabuwar shekarar mutanen Iran da Afganistan da ƙasashen tsakiyar Asiya, wadda ke kamawa ranar 20 ko 21 ga Maris. Takardar ta yi ta bayanin cewa biki ne na zuwan lokacin da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi fure, iska ta yi daɗi. Malamin da ya riƙe ajin ranar, wanda mataimaki ne, ya fassara musu sunan lokacin da bazara, kamar yadda masu fassara da yawa suke yi. To amma bazara a wurinmu ita ce tsananin zafin da ke zuwa kafin saukar damina, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, mutane su kwana a tsakar gida. Ɗan ƙanena ya rubuta a aikinsa cewa Iraniyawa suna murna da shigowar zafi, aka soke masa, bai kuma gane laifinsa ba sai da na zauna da shi na bayyana masa cewa shekararsu da tamu ba rabo ɗaya aka yi musu ba: mu damina da kaka da hunturu da bazara muka sani, su kuma nasu lokutan 4 daban ne, kuma babu wanda ya yi daidai da wani. Da an ɗauki rabin awa an zana wannan a allo tun makon farko, da an sauƙaƙa wa yara fahimtar kusan rabin bukukuwan, domin yawancinsu a kan sauyin yanayi da girbi aka gina su. Ko bikin godiya na Amurka, da ake yi ranar Alhamis ta 4 a watan Nuwamba, da an haɗa shi da kalankuwar da ake yi bayan an kai amfanin gona gida, da ya zauna musu nan da nan.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai. A makon da aka zo kan babban bikin titi na birnin Riyo a Birazil, an kunna bidiyon da a bayyane yake babu wanda ya kalle shi kafin a shigo da shi aji, kuma shigar masu rawar ba ta dace a haska wa samari da 'yan mata masu shekara 14 zuwa 17 ba, a Kano ko a wani wuri. An kashe shi da sauri, amma an riga an gani. 'Yata ce ta faɗa mini da daddare, tana sunkuyar da kai. Washegari na je, na tarar wasu iyaye 2 sun riga ni. Shugaban cibiyar bai yi musu ba, ya ba da haƙuri, ya ce daga ranar babu bidiyon da za a haska sai malamar ta kalle shi tun daga farko har ƙarshe, kuma ban sake jin ƙorafi ba. Na karɓi haƙurin, amma wanda ya karɓi amanar 'ya'yan mutane bai kamata sai an yi ɓarna ya sa irin wannan doka ba.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Takardun duk baƙi da fari aka buga su, har da na bikin Holi, wanda gaba ɗayansa a kan watsa launuka yake, sai hoton ya zama duhu kawai. Ranar da babu wuta kuma janareta ya ƙi tashi, darasin bidiyo ya faɗi. Ajin ya cika fiye da yadda aka faɗa mini, don haka mai kunya yana iya yin mako guda bai buɗe baki ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne matsayin da aka ba bukukuwanmu. Sai a makon ƙarshe aka zo kansu. Bikin kamun kifi na Argungu ya sami shafi guda, kuma bayanin daidai ne: an fara shi a 1934, ana yinsa a kogin Matan Fada, masunta na shiga ruwa da homa da gora, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Hawan Sallar Kano kuwa rabin shafi aka ba shi, a ƙarƙashin sunan Durbar, kalmar da asalinta Farisanci ce, Turawan mulki suka zo da ita daga Indiya. Abin da rabin shafin ya ce bai wuce cewa mahaya na yin ado suna wucewa a gaban sarki ba. Babu sunan hawa ko ɗaya. Ba a ce ranar Sallah sarki kan taso daga filin idi na Ƙofar Mata ya tsaya a Gidan Shettima kafin ya koma Gidan Rumfa ba. Ba a ambaci Hawan Daushe na kashegari ba, wanda sarki ke ziyartar Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, hakimai su zo su yi jahi, wato gaisuwar sarki a kan doki, a Ƙofar Kudu. Babu Hawan Nassarawa da ake zuwa gidan gwamnati, babu Hawan Ɗorayi, babu na Fanisau. Ba a ma faɗa wa yaran cewa a watan Disamba na 2024, a taron da aka yi a Asunsiyon ta ƙasar Faragwai, UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerinta a zama guda da sabuwar shekarar Sinawa, wadda su suka shafe kwana 2 suna karantawa ba. Tashe na watan azumi, da Takutaha da ake hawan Dala, da Sallar Gani ta Daura da Gumel, ko sunansu bai fito ba. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan, har akwai yaran da suka yi wayo ba su gan shi sosai ba, wanda ya sa bukatar a koya musu shi ta ƙaru.

Ba kishin gari kaɗai ke sa ni wannan magana ba, dalilin koyon harshe ne. Yaron da ke rubutu a kan bikin Mongoliya, abin da takarda ta ba shi yake juyawa, ba zai wuce shi ba. Wanda ke rubutu a kan Hawan Daushe kuwa ya fi takardar sani, don haka dole ya nemo kalmomi da kansa, kuma a wannan neman ne harshe ke shiga jiki. Kuma idan Allah ya kai su jami'a ko wata ƙasa, babu mai tambayarsu yadda ake Diwali, nasu za a tambaye su.

Na faɗa wa malamar haka, ta kuma amsa cewa ita ma abin ya dame ta. A kwana 3 na ƙarshe ta ajiye takardar, ta ba su aiki: kowa ya sami dattijo a gidansu ya yi masa tambayoyi da Hausa a kan wani biki na gida, sannan ya rubuta da Turanci. 'Yata ta je wurin kakanta a cikin gari, wanda a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana hawa a tawagar wani hakimi. Na kai ta, na zauna ina ji. Ta ce: "Baba Alhaji, me ya sa ake sa wa doki lifidi?" Ya bayyana mata cewa rigar auduga ce mai kauri da ke kare doki da mahayi daga kibiya a zamanin yaƙi, ya bi da ita kan 'yan sulke da 'yan bindiga da dogarai masu ja da kore, da bambancin kakaki da algaita, da rawani mai kunne biyu da wanda ya cancanci ya naɗa shi. Da ta zo rubutawa sai ta tsaya cik, ta ce babu kalmar Turanci da ta yi daidai da jahi ko lifidi. Malamar ta nuna mata cewa takardun da suka karanta duk sun bar sunayen abubuwan Indiya da na Sin a harsunansu, sannan suka bayyana su a jimla ta gaba, ta ce ita ma ta yi haka. 'Yata ta rubuta shafi 3, mafi tsawon abin da ta taɓa rubutawa da Turanci, kuma kurakuran nahawun da ke ciki ba su kai na rubutunta mai shafi guda na makon farko ba.

Kuɗin da na biya wa kowane yaro ya kusa rabin kuɗin makarantarsa na zango guda, ban da kuɗin a daidaita sahu kullum, kuma ga mai albashi wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a watan da ake shirin sayen littattafai da yunifom. Ga yaron da ya riga ya iya karatu amma magana da rubutu suke ba shi tsoro, ina ganin kuɗin ya biya. Ga wanda har yanzu haɗa baƙi ke yi masa wuya, wannan aji zai wuce shi, gara a nema masa malamin da zai zauna da shi shi kaɗai. Wanda kuma yake neman a bi da ɗansa tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO ɗaya bayan ɗaya, ya sani ba a yin haka a nan.

Shugaban cibiyar ya ce za su maimaita tsarin a hutun baɗi, ya kuma tambaye ni ko zan dawo da ɗan ƙanena. Na ce zan dawo da shi idan an mayar da makon Kano ya zama na farko, an sake rubuta takardarsa da hannun wanda ya san hawa, an kuma kai yaran gidan tarihi na Gidan Makama ko da sau ɗaya ne, su tsaya gaban sulke da lifidi na gaske su bayyana su da Turanci. Ya rubuta abubuwan 3 a littafinsa, ya ce in ba shi rubutun 'yata ya yi kwafi, na ba shi.